Mega Man na asali, X, Zero da Battle Network: wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka leƙa Steam, kasuwar sayen gem ta intanet, ka tarar da Mega Man iri-iri, ga mai lamba kawai, ga mai X, ga Zero, ga Battle Network, kana tambaya ko duk gem ɗaya ne aka sauya wa suna, kuma wanne ya kamata ka fara saya. Ba ɗaya ba ne. Duk na kamfanin Capcom na Japan ne, amma kowane reshe da abin da yake nema daga hannunka, kuma wanda ya mutu a kan wani yana iya kasa minti goma a kan wani.

Tushen shi ne mai lamba, wanda ya fito a 1987 a na'urar Famicom, wadda ake kira NES a Amurka. A Japan sunansa Rockman. Dr. Light ya ƙera mutum-mutumi, Dr. Wily ya juya wasu suka zama masu ɓarna, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa ya yi fice a lokacinsa shi ne kai ke zaɓar bos ɗin, wato babban maƙiyin ƙarshen mataki, da za ka fara da shi, in ka kayar da shi ka ɗauke makaminsa, makamin kuma shi ne lagon wani bos ɗin. A na farko su shida ne, daga Mega Man 2 na 1988 suka koma takwas. Aikinka tsalle da harbi, shi ke nan. Sai a na 3 aka ƙara sulalewa a ƙasa da karen nan Rush, a na 4 aka ƙara tara harbi ya fita da ƙarfi. Wannan reshe haƙuri yake so. Za ka tsaya a bakin rami ka ƙirga lokacin da dandamali ke ɓacewa da dawowa, in ka yi gaggawa ƙaya ta taɓa ka sau ɗaya ka mutu. Labari kuwa kaɗan ne, kusan kullum a ƙarshe Wily ne, ya durƙusa yana roƙon gafara.

Mega Man X ya zo a ƙarshen 1993 a Super Nintendo, kuma a nan ne nake so ka tsaya, domin tsakanin waɗannan biyu mutane suka fi rikicewa. Tsarin bos takwas da ƙwace makami yana nan daram. Abin da ya sauya shi ne jikin wanda kake sarrafawa. X yana zabura a guje, yana manne wa bango ya hau shi da tsalle. Wannan hawan bango kaɗai ya canza komai: ramin da zai kashe ka a na asali, a X kana iya kama gefensa ka fito. Saboda haka na asali yana koya maka ka jira, X yana koya maka kada ka tsaya. Sannan akwai ɓoyayyun abubuwa a kowane mataki: sassan sulke da Dr. Light ya bari a cikin kwalaben ajiya, zukata masu tsawaita ranka, da tankunan ajiyar rai. Kana fara wasan da rauni, ka ƙare shi kana jin ka girma. Kuma matakan suna shafar juna. In ka kayar da Chill Penguin, narkakken wutar masana'antar Flame Mammoth sai ta daskare. In ka kayar da Storm Eagle, jirginsa ya faɗo kan tashar lantarkin Spark Mandrill, wuta ta riƙa ɗaukewa. Har yau ban ga abin da ya fi wannan nuna cewa masu yin gem sun zauna sun yi tunani ba.

Labarin X ma ya fi nauyi. Kusan shekara ɗari ne bayan na asali, an ƙera mutum-mutumi masu tunanin kansu, ana kiran su Reploid, waɗanda suka yi tawaye kuma Maverick. Shugaban masu farautarsu, Sigma, shi kansa ya juya. Amma in gaya maka gaskiya, reshen bai riƙe darajarsa har ƙarshe ba. Na 1 zuwa na 4 zinariya ne, musamman X4 na 1997 inda za ka iya buga wasan gaba ɗaya da Zero, abokin faɗan X, da takobinsa. X6 an yi shi da gaggawa kuma ana gani a matakansa. X7 na 2003 ya gwada fita zuwa hoto mai zurfi a PlayStation 2, kamara ta hana shi rawar gaban hantsi. X8 ya gyara da yawa. In kuɗinka na tari ɗaya ne, ɗauki X Legacy Collection na farko, mai ɗauke da 1 zuwa 4.

Zero kuma wani kamfani ne, Inti Creates, ya yi wa Capcom shi a Game Boy Advance, guda huɗu daga 2002 zuwa 2005. Ka ɗauki saurin X, ka cire sassauci. Takobi ne babban makaminka, don haka dole ka matsa jikin maƙiyi, ga allon na'urar ƙarami, abu na iya faɗo maka kafin ka gan shi. Bayan kowane aiki ana ba ka maki, kuma a na 2 da na 3 ba ka samun dabarar bos sai darajarka ta kai A ko S. Akwai 'yan halittun da ake kira Cyber-elf masu sauƙaƙa maka, amma amfani da su na rage makin. Wato gem ɗin na ba ka taimako, yana kuma rubuta cewa ka karɓa. Labarinsa ne ya fi na kowa a wurina: wata masaniyar kimiyya, Ciel, ta tashe Zero daga dogon barci, ya tarar birnin Neo Arcadia na hallaka Reploid marasa laifi saboda ƙarancin makamashi, da sunan X. Shi ne reshen da ya fara labari ya kuma rufe shi da kyau. Kada ka fara da shi. Ka zo masa bayan hannunka ya faɗa, tarin Zero/ZX Legacy Collection na 2020 ma ya ƙara wuraren ajiye wasa a tsakiyar mataki.

ZX, guda biyu a Nintendo DS a 2006 da 2007, ci gaban Zero ne da taswira ɗaya mai haɗe da juna da rikiɗa zuwa siffofi daban-daban. Faɗansa da daɗi, taswirar na farkon na ɓatar da mutum. Yana cikin tari ɗaya da Zero, don haka ba sai ka yi shawara a kansa ba.

Battle Network na 2001 shi ne wanda bai yi kama da kowa ba. Babu tsalle ko kaɗan. A duniyarsa intanet ce ta bunƙasa maimakon ƙera mutum-mutumi, MegaMan.EXE manhaja ce a cikin na'urar wani ɗan makaranta, Lan Hikari. Ana faɗa a fili mai gida goma sha takwas, tara naka tara na abokin gaba, kamar an raba allon dara gida biyu, sai dai kowa na motsi a lokaci guda. Kafin faɗa kana shirya jakar katin makamai talatin, a tsakiyar faɗa a ɗebo maka wasu, ka haɗa waɗanda harafinsu ya dace. Rabin nasarar a shirya jakar take. In kana son yawo a gari, hira da mutane da tara kaya, wannan ne naka, kuma na 3 da na 6 sun fi kyau. Star Force na DS ƙanensa ne, an mayar da kamara bayan ɗan wasa, motsinka ya koma hagu da dama kawai.

Wanda ba za ka gani a cikin tarin Legacy Collection ɗin nan ba shi ne Legends, na PlayStation a 1997, kuma rashinsa na min ciwo. Duniya ce da ruwa ya cinye, mutane na zaune a tsibirai, Mega Man Volnutt na shiga kangayen ƙarƙashin ƙasa neman duwatsun makamashi, 'yan fashin gidan Bonne na bin sa. Sarrafa shi ya tsufa, amma garin tsibirin Kattelox na da rai. Na 2 ya ƙare a 2000 da jarumin a maƙale nesa da gida, an sanar da na 3 a 3DS, Capcom ta soke shi a 2011.

Ni dai X na farko nake ba ka shawara. In ka ji saurin ya yi maka, wuce X4 sannan Zero. In ka fi son auna kowane tsalle, koma Mega Man 2, ko Mega Man 11 na 2018 mai madannin rage gudun lokaci. In ka kunna X, fara da Chill Penguin: takalmin zabura na kan hanyarka a matakinsa, kuma ƙanƙarar da za ka ƙwace daga gare shi ita ke daskarar da Spark Mandrill.