Kumburin jijiyoyin ƙafa: sauti, leza, gam ko tiyata?

Idan jijiyoyin ƙafa suka kumbura suka murɗe, duk maganin da likita zai kawo manufarsa ɗaya ce: a toshe ko a cire jijiyar da ƙofofinta suka daina riƙe jini, jinin ya koma bi ta lafiyayyun da ke can ciki. Hanyar toshewar ce ta bambanta.

Wadda ake ta magana a kanta yanzu ita ce HIFU, wato toshe jijiya da sauti mai ƙarfi. Ka taɓa tara hasken rana da gilashi a kan takarda har ta fara hayaƙi? Haka na'urar ke tara sautin da kunne ba ya ji a ɗigo ɗaya ƙarƙashin fata. Zafin ya sa bangon jijiyar ya tsuke ta liƙe, ita kuwa fatar ana sanyaya ta. Ba yanka, ba a zura komai cikin jijiya. Na'urar Sonovein ta kamfanin Theraclion na Faransa ta samu izinin Turai a 2019. Sai dai ɗigo-ɗigo ake bi, doguwar jijiya na cin lokaci, asibitocin da ke da ita ƙalilan ne, kuma sabuwa ce, ba a tara shaidar shekaru masu yawa ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin jijiyar da aka toshe tana iya sake buɗewa.

Leza da igiyar rediyo su ma da zafi suke aiki, amma daga ciki: a zura siririyar waya, a jera alluran kashe zafi gefen jijiyar. Alluran ba daɗi, amma an daɗe da sanin sakamakon. Tun 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya, ta sa su a sahun gaba, sai allurar kumfa (maganin da ake ɗura wa jijiya ya liƙe ta), sannan tiyatar zare jijiya. Kumfa ta fi sauƙin kuɗi, amma sau da yawa sai an maimaita. Gam na VenaSeal, wanda ake zuba wa cikin jijiya ya manne ta, kuma Amurka ta amince da shi a 2015, ya rage allurai, amma yana zama a jiki, wasu fatarsu kan yi ja da ƙaiƙayi.

A ganina, mai doguwar jijiya miƙaƙƙiya ya fara duba leza ko igiyar rediyo. Mai ɗan guntun wuri, ko wanda matsalar ta dawo masa bayan tiyata, shi ya fi dacewa ya tambayi HIFU.

Kada ka biya ko sisi sai an yi maka sikanin jijiyoyin kana tsaye. Idan gudan jini ya toshe jijiyoyin da ke can ciki, rufe wadda ta kumbura haɗari ne. Ka tambayi likitan mutum nawa ya yi wa da wannan na'urar, kuma idan jijiyar ta buɗe, wa zai biya na biyu?