Hostal ko jeka-ka-dawo: amsa ga ƙanwarmu ta Agege da ta samu makarantar jinya

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya ina bakin aiki, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba: ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya da ke ɓangaren Mushin, tana aure a Agege, yaronta shekararsa 2 an yaye shi, kuma uwar mijinta na zaune tare da su. Tana so ta san wanne ya fi, ta kama gado a hostal ko ta riƙa zuwa daga gida. Maigidan ya bar mata zaɓi.

Ni duka biyun na yi. Wata takwas na farko daga gida nake zuwa, daga nan Agegen, ina da 'ya ƙarama kamar naki. Daga baya na koma hostal, a shekarar ƙarshe kuma na riƙa raba ƙafa. Don haka abin da zan faɗa miki a jikina na ji shi.

Bari mu fara da hanya, domin a Legas ita ke yanke hukunci kafin kowa. Daga Agege zuwa Mushin a taswira ba nisa, titi ɗaya ne, ki bi ta Ikeja, ki ratsa Oshodi, ki sauka. Amma wannan titin ranar Litinin da safe wani abu ne daban. A lokacina ina idar da sallar asuba nake fita, abin karin 'yata na rufe a kula tun kafin kiran salla, in tsaya jiran danfo cikin duhu. Ranar da Allah ya taimaka in isa cikin awa ɗaya, ranar da aka kwana ana ruwa a watan Yuni ko Yuli kuwa, awa biyu ba ta isa. Da yamma a sake maimaitawa, kuma gosulon yamma ya fi na safe cin rai, saboda kin riga kin wuni a tsaye. Ke yanzu kin fi mu sa'a. Jirgin ƙasan nan na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 yana tasowa daga Agbado, ya tsaya a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya ƙare a Oyingbo. Wannan ya rage wahala ƙwarai. Sai dai jirgi yana da lokutansa, ba ya jiran metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta sallame ki. Sannan kada ki sa acaɓa a lissafinki: tun 2022 gwamnatin jihar ta hana su aiki a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja, Oshodi-Isolo, Mushin da Surulere, wato daidai inda za ki fi buƙatarsu. Mai zaman hostal duk wannan bai shafe ta ba. Ta tashi, ta yi wanka, ta goge yunifom, ta taka da ƙafa. Awa uku ko huɗu da ke za ki bari a titi kullum, ita a littafi ko a kan katifa take kashe su.

To me ya sa waɗannan awoyin suke da tsada haka? Saboda zangon farko. Mu tsarin shekara 3 muka yi, wata shidan farko ana kiransa PTS, wato zangon share fage. Yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma, amma zafin farkon yana nan. A ɗan wannan lokacin ake zuba wa ɗaliba ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, sunayen ƙasusuwa 206, jijiyoyi, hanyar da jini ke bi ya fita daga zuciya ya dawo, ga tushen aikin jinya kansa: gyaran gado da mara lafiya a kai, awon zafin jiki da bugun jini da numfashi, wankan wanda ba ya iya tashi. Daga nan sai jarabawar tankaɗe da rairaya, domin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta yi wa rajista. Ba kowa ke tsallakewa ba. Na ga 'yan mata masu ƙoƙari sun haɗa kayansu suna kuka.

A hostal, karatun nan a cikin taro ake yin sa. Bayan isha'i sai ki ga mutum huɗu sun zauna, wannan ta yi tambaya waccan ta amsa, ɗaya ta kwanta a matsayin mara lafiya sauran su gwada awo a hannunta. 'Yan ajin gaba suna kusa, su ne za su gaya miki irin tambayar da malami kaza yake so, su ara miki tsofaffin takardun jarabawa. A gida ke kaɗai ce da littafinki, kuma littafin ba ya samunki sai bayan kin sauke tukunya, kin yi wa yaro wanka, kin gaida Hajiya, maigida ya ci abinci. Ƙarfe goma sha ɗaya nake buɗe nawa. Sau da yawa layi ɗaya zan karanta sau uku ban san me ya ce ba. Na ci PTS daga gida, alhamdu lillahi, amma da ƙyar, kuma na rame har mahaifiyata ta tsorata da ta gan ni.

Yanzu ga inda gida ya fi, kuma ba ƙaramin fifiko ba ne.

Daren farko da na kwana a hostal ban runtsa ba. Kunnena ya saba da numfashin 'yata. Sati uku da komawata, na zo gida ranar Juma'a na miƙa mata hannu, ta juya ta ruƙunƙume kakarta. Abin da na ji ranar ba zan iya kwatanta miki shi ba. Yaro ɗan shekara 2 bai san jarabawa ba, wanda yake gani kullum shi ne nasa. Mai jeka-ka-dawo ko da a gajiye ta shigo, ita ce za ta fara jin jikin ɗanta ya yi ɗumi, ita ce za ta lura ya rage cin abinci. Haka ma tsakaninki da maigida. Namijin da ya ce "ki zaɓa" yau da zuciya ɗaya ya faɗa, amma wata uku yana dawowa daga kasuwa ba ya tarar da matarsa, ga 'yan'uwa da abokai suna ta tambaya ina amarya ta shiga, sai ki ga magana ta fara sauyawa. Unguwanninmu na Hausawa a Legas a haɗe suke, kowa ya san kowa, kuma matar aure da ke kwana a makaranta har yanzu abin magana ce a wurin wasu. Ban ce ki bar karatu don bakin mutane ba. Na ce ki san da shi, ku zauna ku uku da Hajiya tun yanzu, a yi maganar a fili, kada a bar ta a kan kunya.

Kuɗi kuwa ba zan daɗe a kai ba, don ke kika san aljihunku. Hostal biya ɗaya ne mai nauyi, sannan tukunya ta zama biyu, taki a makaranta da ta gida. Jeka-ka-dawo kullum ne yake tsotsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu. Ki ɗauki biro ki lissafa na wata guda, ki sa har da ranakun da dole ki ɗauki shatar mota saboda dare ya yi. Sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne dutin dare, wato aikin kwana a asibiti, don shi ne ya kore ni daga gida. Idan aka fara tura ku ɗakunan marasa lafiya, ba lakca ba ce da za ki zauna a baya ki yi gyangyaɗi. Za ki karɓi aiki da daddare, ki zagaya gado-gado, ki duba ƙarin ruwa, ki juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, ki rubuta awo a kan lokaci, sai safiya ki miƙa aiki ga masu shigowa. Mai hostal tana miƙawa ta je ta ja labule ta kwanta, 'yan ɗakin sun san dokar, ba mai tada wadda ta yi kwanan aiki. Ke kuma sai ki shiga gosulon safe tukuna, ki isa gida wajen ƙarfe goma, ki tarar da wanke-wanke, yaro ya maƙale miki, maƙwabciya ta shigo a raka ta barka. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Muddin ana ganinki a tsakar gida da rana, ba wanda zai yarda cewa barcinki aiki ne. Ni sai da na yi dare uku a jere ina barcin awa biyu-biyu, a dare na huɗu na tsaya da takardar mara lafiya a hannu na kasa tuna ko na auna shi ko ban auna ba. Na koma na sake aunawa, ba abin da ya faru, amma tsoron da na ji ya ishe ni. Wannan aikin rai ne a hannunki. Washegari na roƙi maigida da surukata, suka amince na koma hostal. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, ita ta riƙe mini 'yata kamar ita ta haife ta.

Akwai kuma abin da kike ɗaukowa daga asibiti. In daga gida kike zuwa, ki canza yunifom kafin ki fito, ki ɗaure shi a leda daban, takalmin aiki kada ya shiga ɗaki, kuma ki yi wanka kafin ki ɗauki yaro ko da yana kuka. Ko ina kika zaɓa, ki yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ki fara taɓa allura da jini. Guda uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

Sai dai kada ki ɗauka hostal na nufin kin rabu da titi har ki gama. Ɗaliban jinya a Legas akan tura su wasu asibitocin don koyon fannoni: na masu taɓin hankali da ke Yaba, na ƙashi da ke Igbobi, wani lokaci na haihuwa ko na yara a cikin Eko, ga kuma zaman ƙananan asibitocin unguwanni. In aka dace aka tura ki na ɓangaren Agege ko Ikeja, gida ya fi miki hostal kusa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban yarda a yanke hukuncin shekara uku ko huɗu a rana ɗaya ba.

Ibada da abinci ma sun bambanta. A hostal za ki iya zama Bahaushiya ɗaya tilo a ɗaki, ki nemi lungun shimfiɗa darduma, ki saba da ƙarar waƙoƙin wasu. Amma a nan na gyara Yarabancina, kuma ya yi mini rana a gaban tsofaffin da ba sa jin Turanci, kamar yadda abokaina suke nemana da gudu in an kawo Bahaushe daga Idi-Araba ko Mile 12 ba mai fassara. Ki tafi da yajinki, garin kunu, kuka da daddawa. Da azumi kuwa, sahur ɗin mutum ɗaya a hostal minti goma ne, na gida kin san yadda yake. Amma buɗa-baki ke kaɗai a bakin gado, da dabino uku da ruwan leda, yana da nasa ɗacin.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Tunda an yaye yaron, kuma Hajiya tana gidan, in har ta karɓa da bakinta ba don kara ba, zan kama gadon hostal na zangon farko, in riƙa dawowa duk Juma'a da yamma in koma Lahadi bayan la'asar, wayata a kunne kowane dare. Taura biyu ba ta taunuwa a waɗannan watannin. Bayan an tsallake, ba zan saki gadon ba ko da ina yawan kwana a gida: makon dutin dare a hostal, makon jarabawa a hostal, sauran ranaku in bi jirgi. Haka kuma watanni biyu kafin jarabawar Majalisa, wadda ake yi a kwamfuta sannan a bi ki tasha-tasha ana duba aikin hannunki da agogo, in tattara in koma gaba ɗaya. In kuwa Hajiya ba ta da ƙoshin lafiyar bin yaro mai gudu, ko kin ga alamar nauyi take ji, to ki zauna a gida, amma ki nemi ƙanwa ko 'yar riƙo da za ta ɗauke miki girkin rana, kuma ki samu abokiyar aji mai gado wadda za ki riƙa raɓawa a makon dare.

Kafin ki biya komai, ki je makarantar da ƙafarki ki tambayi abu uku: ko zaman hostal dole ne a shekarar farko, domin wasu makarantun haka suke yi, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, kuma ko ana barin masu aure su tafi gida ƙarshen mako. Ki gwada hanyar ma sau ɗaya ranar Litinin, ki fita a lokacin da za ki riƙa fita, ki duba agogo. Ki gaida mini Hajiya da maigidan, ki shafa mini kan yaron. Allah ya ba da sa'a.