Gargaɗi: Masu "Maganin Maza na Gargajiya Zalla" Sun Shigo Wayoyinmu a Zariya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na magidanta ne a Zariya da kewaye, da matansu, da samarin da ake aikawa tasha su karɓo ƙunshi ba su san abin da ke ciki ba.

Akwai wasu da suka buɗe shafuka a Facebook da TikTok suna tallar maganin ƙarfin maza, wai haɗin gargajiya ne zalla, saiwoyi da zuma da dabino, babu ko ƙwayar bature guda. Mai magana a bidiyon yana sanye da farar riga irin ta likitoci, ya liƙa wa kansa "Dakta", bayansa kanta cike da kwalabe. Ba shi da shagon da za ka je ka same shi. Yau ya ce ofishinsa na Sabon Gari, gobe ya ce ya tafi taro Kano. Ba zan kira sunan shafi ba, don kafin ka gama karanta wannan sun canza wani. Salon aikin ne ba sa canzawa.

A kantin magani nake aiki, kuma a kan teburina ake dire kwalaben nan bayan an sha an ji jiki. Mutum zai jira sai kanti ya yi shiru, ya sassauta murya, ya ce, "Malam, don Allah duba min wannan, wani abokina ne ya saya." Mun san abokin.

Ga yadda suke yi. Da ka taɓa tallar, ko da tambayar farashi ce kawai, sai saƙo ya biyo ka WhatsApp: "Ranka ya daɗe Alhaji, sirrinka a rufe yake." Sai tambayoyi. Kana ciwon baya? Kana jin kasala? Kana tashi fitsari da dare? Wane magidanci ne ya haura arba'in, yana fama da hidimar gida a wannan zamani, zai ce a'a? Sai a yanke maka hukunci nan take: sanyi ne ya haɗu da basir, ga kuma dattin mara. Kowa wannan ciwon ake gaya masa, mai shekara talatin da mai saba'in. Ka lura da abin da ba a tambaye ka ba: ko kana da hawan jini, ko suga, ko ciwon zuciya, ko akwai maganin da kake sha kullum. Duk wanda zai ba ka maganin wannan matsala bai yi maka waɗannan tambayoyi ba, ba lafiyarka ce a gabansa ba.

Sai a turo lambar asusu, sunan da ke kanta daban da na Daktan. Ka tura kuɗi, a ce ka aika yaro Kwangila ya karɓa a hannun direba, ko ɗan acaɓa ya same ka a PZ.

Kwalbar farko tana aiki. Nan ne tarkon yake, kuma shi ya sa mutane ba sa yarda idan an ce musu damfara ce. Mutum ya gani da idonsa, me za ka gaya masa? Daga nan sai a ce ai wannan ɗanɗano ne, sai ka sayi cikakken haɗi na wata uku kafin ciwon ya fita daga jijiya, da na wankin mara, da na shafawa. Kuɗin ya ninka. Da ka tura mai kauri, ko dai a toshe lambarka, ko a aiko maka ruwa mai launi. Sun kuma san ba za ka je caji ofis ka tsaya gaban kanta kana bayanin abin da ka saya ba. Kunyarka ce jarinsu. Akwai ma waɗanda idan ka matsa da neman kuɗinka sai su tuna maka cewa saƙonnin muryarka na nan a wayarsu.

To me ya sa ta farkon ta yi aiki? Ɗauki kwalbar ka ɗaga ta a rana. Tsohuwar kwalbar maganin tari ce ko ƙaramar gorar roba, an manna mata takardar da aka buga a shagon kwamfuta, babu adireshin inda aka haɗa, babu ranar ƙarewar aiki. A ƙasa akwai gari-gari da ya kwanta, fari ko mai ratsin shuɗi, ƙarƙashin zaƙin zumar kuma akwai ɗacin ƙwaya. Sannan ka tambayi wanda ya sha abin da ya ji. Kai ya sara, fuska ta ɗau zafi, hanci ya toshe kamar mai mura, wani ma ya ce fitilar ɗaki ta koma masa shuɗiya-shuɗiya. Waɗannan alamu a rubuce suke cikin takardar da ke zuwa a kwalin sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra. Dabino da zuma ba sa sa mutum ganin shuɗi. Ƙwayar asibiti ake dakawa a zuba, sannan a ce maka daga daji aka saro.

Ba a nan kaɗai ake wannan ba. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da ke sayar da zumar ƙarin kuzari, bayan gwaji ya nuna akwai sildenafil da tadalafil a ɓoye cikinta. NAFDAC ma ta sha fitar da sanarwa kan irin waɗannan kayayyaki. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Singafo a 2008: mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar a asibitoci sugansu ya faɗi ƙasa warwas, saboda jabun magungunan maza da suka sha an cakuɗa su da glibenclamide, maganin masu suga. Bakwai suka shiga doguwar suma, huɗu suka rasu. Wanda ke daka ƙwaya a bayan ɗaki ba shi da ma'auni, kuma ba lallai abu ɗaya yake dakawa ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Sildenafil magani ne na gaskiya, likitoci na rubuta shi kullum. Kamfanin Pfizer ne ya samar da shi, da farko don ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya aka gwada shi, sai a 1998 aka amince da shi a Amurka don raunin mazakuta. Aikinsa sassauta jijiyoyin jini ne don jini ya samu hanya. Yana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, ana sha kamar awa ɗaya kafin buƙata, kuma ba a wuce sau ɗaya a yini. Ɗan'uwansa tadalafil, wato Cialis, yana iya kai awa 36 a jiki. Ba sa ƙara girma, ba sa kawo sha'awar da babu, ba sa maganin rashin haihuwa. Duk wanda ya yi maka alkawarin waɗannan, ƙarya yake.

Abin da ya sa ake cewa sai da takardar likita shi ne wannan sassauta jijiyar ba a wuri ɗaya take tsayawa ba, duk jiki take bi, jini kuma ya sauka. Idan mutum yana shan magungunan ciwon ƙirji da ake kira naitiret, irin su Isordil ko 'yar ƙwayar nan da ake sawa ƙarƙashin harshe, ya haɗa da sildenafil, jininsa na iya faɗuwa lokaci guda har ya yanke jiki, wani ba ya tashi. Wannan haɗi haramun ne a likitance, babu sassauci. Masu shan maganin kumburin mafitsara na dattawa, irin su tamsulosin da doxazosin, su ma sai an daidaita musu. Haka wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ba, da mai ciwon hanta ko ƙoda mai tsanani. To ka duba: dattijon da ya san likita ya hana shi Viagra shi ne zai fi rungumar kwalbar da aka rubuta "gargajiya zalla", yana ganin ya tsira. Ga shi ya sha abin da aka hana shi, bai ma san adadin da ya sha ba.

Sai maganar masu sikila, waɗanda muke da su a kusan kowace zuriya. Su dama can suna cikin haɗarin gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya, da zafi. Wannan magani na iya tayar musu da shi, har ma da wanda ba shi da sikila idan ya sha fiye da kima. Masu tallar nan kuwa da wannan suke alfahari, wai "har asuba". Idan abu ya wuce awa huɗu bai kwanta ba, jinin da ya taru ya daina zagayawa, naman wurin yana lalacewa. Wanda ya kwana yana jiran gari ya waye, ko yana zuba ruwan sanyi saboda kunyar zuwa asibiti, yana iya rasa ƙarfin gaba ɗaya har abada. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi, wadda ba a cika maganarta ba. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya sirantaka, don haka idan kitse ko suga ko hawan jini ya fara ɓata jijiyoyi, nan ne yake fara nunawa, sau da yawa shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Mutane da dama ta dalilin wannan ƙorafi aka gano suna da suga. Wani kuma taba ce, wani tramadol ɗin da yake sha don aikin ƙarfi, wani maganin hawan jininsa ne ke buƙatar canji, wani damuwa ce da bashi da rashin barci. Daktan WhatsApp ya tattara duk wannan ya kira shi basir, ya ba ka abin da zai rufe alamar, ciwon na ci a ciki.

Abin takaici, muna Zariya. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da likitocin mafitsara da na zuciya, mutane daga jihohi ke tahowa su gan su. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Ga tsangayar harhaɗa magunguna a Samaru tana yaye ƙwararru duk shekara. Amma mutum ya tsallake duk waɗannan ya damƙa ransa ga wanda ko garin da yake bai sani ba. Na san layin asibiti akwai gajiya, na kuma san nauyin baki. Ba sai ka yi dogon bayani wurin yankar kati ba. Idan ka shiga ka rufe ƙofa, ka ce, "Likita, ina da matsala ta iyali," ya gane. Ya ji irinta kafin taka a ranar. Awon jini da na suga ba su kai kuɗin kwalba ɗaya ta mutanen nan ba.

Idan an rubuta maka, ka saya a babban kantin magani mai rajista, inda akwai masanin magunguna da lasisinsa a rataye. Ƙananan kemis na unguwa doka ba ta ba su izinin sayar da irin wannan ba. Ka karɓa a kwalinsa, da takardarsa, da ranar ƙarewar aiki, ba ƙwaya tsirara a ƙullin leda ba. Ita ma shuɗiyar ƙwayar akwai jabunta da yawa, musamman a faranti da akwatin 'yan talla a tasha, inda rana ke dukanta tun safe.

Lambar NAFDAC da suke nunawa a bidiyo kada ta ruɗe ka. Buga lamba a takarda ba wuya. Hukumar tana da manhaja mai suna Greenbook, ka sa lambar ka ga ko sunan da ya fito shi ne na kwalbar da ke hannunka. Ko da ta gaske ce, lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba samfurin da aka kai ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da ake faɗa ba. Masu motoci da lasifika da ke tsayawa bakin kasuwa da ƙofar masallaci ranar Juma'a, suna zuba batsa yara na ji, layi ɗaya suke da na waya. Ba ina nufin duk mai maganin gargajiya ba. Akwai dattawan da suka gaji sana'ar, gidansu sananne, ba sa guduwa. Waɗannan mazambata su ma sunansu suke ɓatawa.

Iyayenmu mata da 'yan'uwa, gare ku. Masu kayan mata sun fara haɗawa da "na maigida", a ce ki zuba masa a shayi ko kunu ba sai ya sani ba. Hajiya, kada ki yi. Ba lallai kin san duk ƙwayoyin da ke aljihunsa ba, idan kuma ya faɗi, likita zai yi ta lalube bai san abin da ke cikinsa ba. Gara ki lallaɓa shi ku je a auna shi.

Wanda ya riga ya sha: idan ka ji ciwon ƙirji, ko jiri mai kayarwa, ko gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ko an doshi awa huɗu abu bai kwanta ba, a tafi sashen gaggawa a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. A tafi da kwalbar. A gaya wa likita abin da aka sha da lokacin da aka sha, domin cikin magungunan farko da ake ba mai ciwon ƙirji akwai naitiret ɗin nan, kuma ba a ba da shi sai awa 24 bayan sildenafil, 48 bayan tadalafil. Wanda kuma aka ci kuɗinsa, ya adana shaidar tura kuɗin da hotunan hirar, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, ya kai rahoton shafin a manhajar da ya gan shi, ragowar kwalbar kuma a miƙa ta ofishin NAFDAC da ke Kaduna. Idan ba za ka iya zuwa da kanka ba, ka ba mai kantin maganin da ka yarda da shi ya kai, ba sai an ambaci sunanka ba.