Masana'antar ƙona shara ko ta sarrafa taki: wacce ya kamata Kano ta fara zuba wa kuɗi?

Ɗan'uwa, tambayar da ka kawo wa zaure ita ce, idan gwamnati na da kuɗin babban aiki guda ɗaya kan sharar birni irin Kano, shin ta gina masana'antar da ke ƙona shara ta samar da lantarki, ko kuwa ta gina wurin tace shara da mayar da ita taki, kuma ka nemi a auna su da ma'aunin lafiyar muhalli. A ganina taki ne ya kamata ya shiga gaba.

Abin da ke cikin sharar shi ne yake fara raba gardamar. Duk wanda ya tsaya kusa da bola a cikin gari ya san yawancin abin da ke jibge a wurin ƙasa ce ta sharar tsakar gida, da toka, da ɓawon kayan miya, da ragowar abinci, da kashin dabbobi, sai leda da ke lulluɓe da su. Irin wannan shara ba ta cin wuta da kanta, musamman da damina. Ƙa'idar da Bankin Duniya ya daɗe yana bayarwa ita ce, kada a yi tunanin injin ƙonawa sai zafin da kilo ɗaya na shara ke bayarwa ya kai megajul 7 a matsakaici, kuma sharar da ƙasa da danshi suka rinjaya da wuya ta kai haka ba tare da an ƙara mata mai ba. Wannan sharar da ta yi wa injin nauyi kuwa, ita ce abin da mai haɗa taki yake nema.

Ba na musun cewa ƙonawa tana da abin sha'awa, domin tana rage girman shara ƙwarai, ga kuma wutar lantarki a garin da yake fama da ƙarancinta. Habasha ta bi wannan hanya: a 2018 ta buɗe masana'antar Reppie a Addis Ababa, wadda aka tsara ta ƙona tan 1,400 a kullum, a gefen jujin Koshe inda tsaunin shara ya rufta a watan Maris na 2017 ya kashe mutane fiye da 100. To amma injin irin wannan yana buƙatar zafin wutarsa kada ya sauka ƙasa da digiri 850, in ba haka ba ƙonuwar leda da roba tana fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ke taruwa a kitsen dabba da na mutum. Tokar da matatar hayaƙi ke tarewa ita ma guba ce da sai an tanadar mata rami na musamman, kuma ledar da aka ƙona, tun da daga man fetur aka yi ta, iskar kabon take ƙara wa sararin sama. Duk ranar da matatar ta lalace aka rasa kayan gyara, unguwannin da ke kewaye ne za su shaƙi abin da ya fita.

A ɓangaren taki, amfanin yana zuwa ta fuska biyu. Sharar da ke ruɓewa a binne ba tare da iska ba tana fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta wajen ɗumama yanayi ya ninka na kabon kusan sau 28 cikin shekara 100, kuma ita ce ke sa juji ya kama da wuta yana ta hayaƙi kwana da kwanaki. Idan aka jera sharar kunya-kunya ana juya ta tana shan iska, mafi yawan wannan metan ba ya samuwa. Sannan abin da ya fito yana komawa gonakin da suka gaji, ya taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano, domin tun zamanin da ake lodin taki a mangala bisa jakuna manoman kewayen birni suke kwasar sharar gari zuwa gonakinsu, yau kuma da tifa ake kai musu. Gana ma ta buɗe babbar masana'antar taki da sake sarrafa shara a Adjen Kotoku kusa da Akra tun 2012.

Raunin takin shi ne gurɓata, kuma bai kamata a raina shi ba. Je ka gonar da aka zuba wa takin bola kafin shuka, za ka ga ledar ruwa tana leƙowa daga kowace kunya, ga fasassun kwalabe, ga tsofaffin batura da suka fashe. Idan dattin masana'antun fata na Challawa ko Sharada ya shiga ciki, sinadarin kuromiyam zai iya bin ƙasa ya kai ga amfanin gona. Saboda haka zan so a fara da wuraren da shararsu kusan tsantsar mai ruɓewa ce, kamar kasuwar 'Yankaba da ta 'Yan Lemo da mayanka, kafin a shiga gidaje, inda sai an koya wa jama'a ware shara tun daga ɗakin girki.

Akwai kuma batun 'yan jari-bola, waɗanda su ne suke tsince ƙarfe da gwangwani da roba ba tare da gwamnati ta biya su ko sisi ba. Injin ƙonawa kishiyarsu ne, domin robar da kwalin da suke sayarwa su ne makamashin da yake buƙata, alhali wurin tacewa yana iya ɗaukarsu aiki ya ba su safar hannu da takalma.

Sai dai ko wanne aka zaɓa, ba zai yi aiki ba idan sharar ba ta iso ƙofarsa ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 44 cikin 100 kaɗai ake kwashewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, sauran kuma a lunguna da magudanan ruwa irin Jakara yake ƙarewa. Don haka kason farko na kuɗin ya dace ya tafi ga motoci da tsarin kwasa na REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, tare da rami mai shimfiɗa a ƙasa wadda za ta hana ruwan juji sauka cikin rijiyoyi. Ƙonawa kuma a taƙaita ta ga sharar asibitoci, wato allurai da auduga mai jini, waɗanda ba su da wurin zama a taki ko a hannun mai tsince-tsince.