Kwas ɗin baƙin akwatin jirgin sama a Kaduna: injiniya ya fita kunya, ɓangaren diyya ya gaza

Ni lauya ne a Kaduna, kuma yawancin ƙararrakin diyya da ke zuwa teburina na haɗarin mota ne a hanyar Abuja ko ta Zariya. Saboda haka, da wani kamfanin horaswa mai zaman kansa ya tallata kwas na kwana biyu a kan na'urorin naɗar bayanan jirgin sama da neman diyya, a wani otal da ke Unguwar Rimi, sai na biya kuɗin rajista, wanda ba kaɗan ba ne, na halarta. Mahalarta lauyoyi ne da ma'aikatan inshora da 'yan jarida kaɗan.

Ranar farko wani injiniyan jirgi mai ritaya aka bai wa, kuma ita ce ta biya kuɗina. Bai fara da majigi ba. Wata tsohuwar na'ura ya ɗora a kan teburi, ya ce kowa ya zo ya ɗaga. Launinta ruwan goro ne mai haske, ba baƙi ba kamar yadda sunan ke nunawa, an manna mata ƙyalle mai ɗaukar ido don a hango ta cikin tarkace, kuma nauyinta ya sa wani abokin aikina ya kama da hannu biyu. Daga nan ya bayyana cewa akwatin biyu ne, galibi a wutsiyar jirgi ake ajiye su: ɗaya yana naɗar tsayi da gudu da halin injuna na tsawon sa'a 25, ɗayan kuma yana ɗaukar muryoyin matuƙa da duk wata ƙara a ɗakinsu. Ya ce ana gwada ma'adanar bayanan da wuta mai zafin digiri 1,100 na sa'a guda, da matsin ruwa mai zurfin mita 6,000, kuma ya nuna mana ɗan silindan da ke gaban akwatin, wanda ke soma aika sauti da zarar ya taɓa ruwa, a da na kwana 30, yanzu kuma na kwana 90. Tarihin David Warren, ɗan Ostareliya da ya ƙirƙiro na'urar a shekarun 1950, bai ɗauke shi minti biyar ba, kuma hakan ya yi daidai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai mayar da akwatin gagara badau ba. Ya kawo jirgin Air France da ya faɗa Tekun Atalantika a 2009 da mutum 228, wanda sai a 2011 aka tsamo akwatinansa kuma aka karanta su lafiya lau, sannan ya dawo gida. Jirgin Bellview da ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun a Oktoban 2005 da mutum 117, ba a taɓa samun akwatinansa ba. Na Dana da ya taso daga Abuja ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas ranar 3 ga Yunin 2012 da mutum 153, wuta ta cinye bayanan na'urarsa ta farko, sai muryoyin kimanin minti 31 suka tsira, kuma da su masu bincike suka bi diddigin yadda injuna biyu suka daina ba da ƙarfi. Da ya ambaci jirgin ADC na Oktoban 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, ɗakin ya yi tsit.

Wata 'yar jarida ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, ba za ka kunna mana muryar ko da guda ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan maganar ƙarshe ce ta bayin Allah, kuma ƙa'ida ta kare ta." Ya buɗe Rataye na 13 na dokokin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ya nuna mana cewa manufar bincike ita ce hana aukuwar wani haɗarin, ba ɗora laifi ba, kuma a kan wannan turba hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar AIB, take aiki.

A nan ne ya kamata rana ta biyu ta ɗora, amma ba ta ɗora ba. An soma a makare, mai gabatarwa kuma ya shafe safiya yana karanta Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara biyan diyya a sufurin sama na ƙasa da ƙasa, daga allo, sashe bayan sashe, kamar mai biya hadda. Ya faɗi abin da kowane lauya zai iya dubawa da kansa, wato Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar sufurin sama, kuma dokar sufurin sama ta Najeriya ta 2006, wadda ta 2022 ta maye gurbinta, ta tanadi biyan kafin alƙalami na dala 30,000 cikin kwana 30. Abin da bai fito da shi ba shi ne inda akwatin yake da amfani da inda ba shi da shi. A ƙarƙashin yarjejeniyar, har zuwa wani adadi, wanda ya fara daga SDR 100,000 (ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya) ya kai 151,880 a ƙarshen 2024, iyalan fasinja ba sa bukatar tabbatar da sakacin kowa. Asarar da suka yi kawai za su tabbatar. Sama da wannan adadin, kamfanin jirgi ne zai tabbatar cewa ba shi da laifi. Ke nan bayanan akwatin sun fi nauyi a babbar ƙara, ko wadda ta shafi kamfanin da ya ƙera jirgi ko injinsa, ba a matakin farko ba.

Mafi muni, ya ba mu shawarar a jira rahoton ƙarshe kafin a shigar da ƙara. Na tashi na tuna masa cewa Sashe na 35 na yarjejeniyar ya ba da wa'adin shekara biyu ne kacal, alhali rahoton ƙarshe na jirgin Dana sai a 2017 ya fito, kusan shekara biyar bayan haɗarin. Lauyan da ya bi wannan shawara zai zo kotu da cikakken bayani amma babu sauran haƙƙi. Ya amsa da cewa, "Barista, za mu dawo kan wannan," kuma har aka tashi ba mu dawo ba. Haka nan ba a taɓa batun gado ba, duk da cewa a garinmu rabon diyyar mamaci tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye yakan fi karɓo ta wuya.

Ma'aikacin inshora ko ɗan jarida da ke son sanin abin da akwatin ke iya faɗa zai ci riba, musamman idan kamfanin ya yarda a biya kuɗin rana ɗaya. Lauyan da ke da mai ƙara a hannu kuwa, gara ya zauna da yarjejeniyar da dokar ya karanta da kansa. Abinci da ɗakin taro babu laifi, takardar shaidar halarta ma an ba mu a ranar, amma kundin laccocin da aka yi alkawarin turowa ta WhatsApp, yau mako uku ke nan na injiniyan kaɗai ya iso.