Tunanin da ya kauce wa jigo: a ajiye shi gefe, ko a rubuta a tace daga baya?

Wata 'yar'uwa daga Jos ta tambaya: tana tsakiyar insha'i sai wani tunani mai daɗi ya faɗo mata, amma bai shafi jigon kai tsaye ba. Ta saka shi ko ta bar shi? Hanya biyu ce, 'yar'uwa, kuma inda kike rubutun ne zai zaɓa miki.

Ta farko ita ce ajiyewa gefe. Da tunanin ya zo, ki rubuta shi da kalma uku ko huɗu a shafin da kika tsara amsarki, ki koma kan jimlarki. Wannan ce hanyar ɗakin jarrabawa. A insha'in Turanci na WAEC ana son kalmomi 450 cikin kimanin minti 50, kuma cikin maki 50, abin da rubutu ya ƙunsa yana da 10, tsari yana da 10. Sakin layi ɗaya da ya kauce yana taɓa duka biyun, ga lokacin da ya cinye, kuma da biro babu damar ɗaga shi zuwa wani wuri. Aibin wannan hanyar shi ne mantuwa: ana miƙa takarda ba a waiwayi abin da aka ajiye ba. Ki ware minti biyar na ƙarshe don haka.

Ta biyu, ki zuba komai a daftarin farko, ki bar shi ya kwana, ki tace. Ta dace da aikin gida ko muƙala a kwamfuta. Wahalarta a zuciya take, don mutum ba ya son goge abin da ya sha wuya a kai. Maimakon gogewa, ki kwashe shi zuwa wani fayil daban.

Ko wacce kika bi, awon ɗaya ne: za ki iya haɗa tunanin da jigon da kalmar "saboda"? A ce jigon shi ne cunkoso a Terminus, unguwar kasuwanci da ke tsakiyar Jos. Gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002 ta cancanci shiga insha'in, saboda ita ta tura 'yan kasuwa da yawa baje kaya a bakin titi, amma jimla biyu sun ishe ta. Tarihin haƙar kuza a Jos kuwa, duk daɗinsa, ba shi da mazauni a wannan insha'in.