Klein ko Fang Yuan: wanne ya fi dacewa da kai?

Ɗan'uwa, ka ce ka kai babi na 30 a Lord of the Mysteries ka gaji, kana tambaya ko gara ka koma Reverend Insanity. Duka littattafan nan biyu na ƙasar Sin na karanta su a intanet, kuma ƙorafinka ba kai kaɗai ke yin sa ba.

Farkon labarin Klein Moretti, jarumin Lord of the Mysteries, yana jan ƙafa, babu musu. Marubucin sai ya zauna yana lissafa maka kuɗin burodi, kuɗin haya, albashin da Klein ke karɓa a garin Tingen, da yadda suke lallaɓa rayuwa shi da yayansa Benson da ƙanwarsa Melissa. A nan mutane da yawa ke ajiye littafin. Amma wannan zaman ne ke sa ka saba da mutanen, ka san talaucinsu da barkwancinsu, ka san abokan aikin Klein ɗaya bayan ɗaya. Idan kashi na farko ya ƙare, bayan babi 200 da ɗoriya, abin da ya faru sai ya doki zuciyarka. Ni kam ajiye waya na yi, na jima ban ce komai ba.

Fang Yuan kuwa, jarumin Reverend Insanity, ya rayu shekara 500, sannan ya dawo jikinsa na ɗan shekara 15 da duk abin da ya sani. Tun daga ƙauyen Gu Yue yake ƙulla makirci, burinsa rai madawwami, duk wanda ya tare masa hanya ya kawar da shi. Masoyansa suna yaba masa don ba ya munafunci, ba ya yin wauta saboda soyayya. Masu ƙinsa kuma cewa suke sun rasa wanda za su so a cikin labarin. Kada kuma ka zaci can kullum gudu ake yi. Akwai wuraren da shirin makirci ɗaya ke cin babi masu yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshe. Na Klein an fara shi a Qidian, shafin littattafai na Sin a intanet, a 2018, aka kammala a 2020, babi kusan 1,400. Na Fang Yuan hukumomin Sin sun dakatar da shi a 2019, ya tsaya a babi na 2,334 ba tare da an rufe labarin ba.

Shawarata, ka daure da Klein har ƙarshen kashi na farko. In ka kai can bai taɓa ka ba, sai ka koma wa Fang Yuan.